Yatsu biyu sun tafi, gidan Malam bai tafi ba

Salamu alaikum. Ni ce Hajo, matar marigayi Malam Isa, nan Ƙaura. Ɗiyata Rabi ke rubutawa a wayarta, ni ke faɗi. Na ce mata kar ta gyara mini magana.

Tun damina kun ji ni shiru. Wasu har gaisuwar mutuwata sunka yi. Ban mutu ba.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa kamar raƙumi, in tashi fitsari. Sai ƙaya ta soke ni a yatsan ƙafa. Na sa toka, na sa man shanu, miki yana ta ci har ya fara wari.

A asibitin Ƙaura anka ɗibi jinina. Likita ya ce, "Inna, suga ne, kuma ya daɗe. Ku wuce Gusau yau, kar ku kai gobe."

Can anka ce sai an yanke yatsu biyu, in ba haka ba ƙafar duka. Na ji tsoro, ba ni ɓoyewa. Allura safe da yamma, ledar ruwa, ledar jini, wankin miki. Kowane sai an biya kafin a taɓa ka.

Ɗana Sani ya ruga wurin Alhaji Mudi mai hatsi. Ya ba shi kuɗi, a biya da gero in kaka ta yi, buhu biyu a madadin ɗaya. Gida jingina, in kaka ta wuce ya zama nashi. Ina kwance ban san inda kaina yake ba sunka kawo takarda, sunka kama babban yatsan hannuna na dangwala.

Wace kaka? Gonarmu tana Kurya Madaro. Wa ya isa ya shiga da mutanen daji a can? Alhaji ya sani. Da saninshi ya ba da.

Ranar da anka sallamo ni, kaka ta riga ta wuce, ina dogara sanda, na iske magini yana awon zaurenmu. Shaguna za a yi. Har ƙyaure sun cire. Alhaji ya ce, "Hajiya, sannu da jiki. Ki nemi inda za ki koma."

Gidan da na wanke gawar mahaifiyar Malam a ciki.

Ƙannen Malam sunka zo, wai in yi haƙuri, tsohuwa ba ta zuwa kotu ta tona asirin gida. Na ce, "Wanenku zai ba ni ɗaki?" Kowa ya dubi takalminshi.

Na tafi gaban alƙali da ƙafa a naɗe. Na ce bashi gaskiya ne, na ci, amma na tsiyace, ba ni da abin biya. Ya ce in faɗi duk abin da na mallaka. Na faɗi gaban jama'a: injin niƙa, awaki, gadon ƙarfe. Na yi alwala na rantse.

Alƙali ya ce jingina ba ta cinye gida, kuma ƙarin nan riba ce, ya soke ta. Ya tambaya, "An raba gadon Malam?" Ba a raba ba. Mu nan sai a bar gida haka nan, kowa na jin nauyin tada magana. Ya ce to tumuni kaɗai ke nawa, kashi ɗaya cikin takwas na gidan, shi kaɗai yatsana zai iya jinginarwa.

Anka sai da inji da awaki. Rabi ta sai da ɗan kunnenta ta sayi tumunina. Anka ba Alhaji kuɗin, saura sai na samu.

Kar ku ce na ci riba. Injin nan shi ke ciyar da ni. Yau ko bulo ɗaya ba nawa ba ne a gidan ga. Amma cikinshi nake kwana.

Miki ya rufe. Na bar fura mai suga, ina shan magani, ina sa takalmi ko tsakar gida.

Na gode Allah. Na gode ma nas ɗin da ke wanke mini ƙafa ba ta toshe hanci. Na gode ma Maman Grace maƙwabciyata, ita ke aiko miya.

In miki ya ƙi warkewa, ku je awon jini. Kar ku dangwala abin da ba a karanta muku ba. Ku raba gado tun kuna shiri. In kun karye ku faɗi gaban alƙali, kunya ba ta rufe ɗaki.

Rabi, rubuta wannan da kyau. Alhaji na bina sauran uwar kuɗinshi, ban da ƙari, kuma Sani ya ɗauki rabin bashin tunda shi ya kawo takarda. Maman Grace na bina kuɗin mota zuwa Gusau, ita za a fara biya ko na mutu. Ƙannen Malam ba su bina komai, ko gaisuwa.

Alhaji Mudi kuma ina binka ƙyaure. Ina nan zaune bakin zaure, ka aiko shi.