Waƙar Ƙarshe a Kaset ɗin Kawu Nasiru

A gidanmu na Shinkafi wutar murhu ba ta mutuwa don an sauke tuwo. Kaka Tumba, wadda ta haifi mahaifiyata kuma ta riƙe ni tun da aka yaye ni, ita ke ja mata rai. Tana tura kara ɗaya bayan ɗaya, ta binne dankali a toka, mu kuma da an idar da isha'i mu kewaye ta, ni da yaran maƙwabta. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya zauna, kuma kullum ni ake jira, don ni ne mai ƙafar yawo.

"Ina angon nau?" za ta ce. "Sanusi ya tahi wurin wata ya bar ni da toka ko?"

Sai na shigo ina haki, ta matsa mini gefen tabarma, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Mu ce ta shigo.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta wani saurayi makiyayi. Uwarsa tana da waƙar da take kiran shanu da ita idan rana ta yi yamma, kuma ko suna ƙetaren gulbi, da sun ji sai su juyo. Akwai wata kurciya da ke sauka kan shinge tana saurare, shi kuwa saurayin ba ya ganinta bai jefe ta ba. Ya girma ya tafi birni, ya bi makaɗa, ya koyo waƙoƙi masu daɗin gaske. Ranar da ya dawo ya tarar an binne uwar, shanu suna ƙetare, ga hadari ya haɗu, gulbi na shirin kawo ruwa. Ya tsaya bakin gaɓa ya rera duk abin da ya koyo a birni, ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Ya nemi waƙar uwarsa a bakinsa ya rasa. Yana cikin kuka sai kurciyar nan da yake jifa ta sauka, ta fara rera masa.

A nan Kaka ke ajiye karan hannunta ta ɗauki waƙar:

"Rana ta yi ja, Fara, taho gida,
Hayaƙi ya tashi, Baƙa, taho gida."

Daga nan ta yi shiru ta dube ni. Amshin nawa ne, ni ne babban bijimin garke. Nakan kumbura wuya in ce, "Muna tahe, Inna, muna tahe," yara su kwashe da dariya. Idan na yi gardama na ƙi amsawa, ba ta ci gaba. Sai ta ce shanu ba su ƙetaro ba, kowa ya tashi ya nemi makwanci, ni kuma in sha harara har safe.

Kiɗa ya shigo gidan ta hannun Kawu Nasiru, autan Kaka, direban da ke jigila tsakanin Shinkafi da Maraɗi. A can ya zauna da wasu Buzaye ya koyo jita, ya dawo da wata tsohuwa wadda idan tsirkiyarta ta tsinke yake sa mata wayar birkin babur. Shi da abokansa biyu, mai ganga da mai tafi da amshi, suka kira kansu Samarin Kan Iyaka. A shekarun da aka ba mu jiha sabuwa bukukuwa sun yi yawa, su ma suka sami kasuwa. Ni kuwa an kai ni makarantar kwana a Ƙauran Namoda, kuma a can na fara ganinsu a gaban jama'a, wajen bikin wani direba kusa da tashar jirgi. Sun haɗa lasifika da batirin mota. Da Kawu ya ja tsirkiya ta yi wannan ƙara mai kaushi, na ji ta har cikin haƙorana. Tun daga ranar na zama nasu, kuma na zama alƙalinsu ba tare da kowa ya naɗa ni ba.

Ina makaranta suka ɗauki kaset ɗinsu guda tilo, a tsakar gidan Kaka, da rediyo mai ɗaukar magana. Da na zo hutu Kawu ya ba ni ɗaya, bayan kwana biyu ya tambaye ni yadda na ji. Ina ɗan shekara goma sha biyar, amma na gyara zama kamar wanda aka kira shari'ar gona. Na ce waƙa ta biyu ita ce gwanar, ta uku mai ganga ya yi gaggawa kamar ana korarsa, kuma gaba ɗaya kaset bai kai wasansu na fili ba, don a fili Kawu yana sakin hannu.

"Ta ƙarshen fa?" in ji shi.

Ta ƙarshen ita ce waƙar kiran shanu, ya ɗora ta a kan jita. Da na ji farkonta kunya ta kama ni, na tuna kaina ina kumbura wuya a gaban yara, na kashe.

"Kawu, wagga ai waƙar yara ta. Mi ya kai jita ga tatsuniya?"

Kaka na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka saurare ta har ƙarshe?"

"Na ji farkonta, na san sauran."

"To madalla. Ango ya san komi."

Haka na ci gaba da yi. Da waƙar da ke gabanta ta ƙare sai in danna, in fitar da kaset, in zura biro in mayar da zaren baya don kada batir ya ƙare a banza. Wurin murhu kuma na daina zama. Ina zaure da rediyo a kunne, ina jiyo ta daga ciki tana cewa, "Ina angon nau?" in yi kamar ban ji ba. Wani yaron maƙwabta ya karɓi amshin, amma ita ta ce muryarsa ta ɗan maraƙi ce.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, wasan kiɗa a fili ya tsaya. Kawu bai jira an zo masa ba. Ya ce mini, "Ba wanda ya tsare ni, Sanusi. Wa'azi na ji, zuciyata ta ƙi kwanciya." Ya sayar da jitar a Maraɗi, ya tattara kaset ɗin da suka rage ya sa aka ɗora karatu a kansu. Mai gangar ya koma Zurmi ya kama sayar da albasa. Nawa kaset ɗin ya tsira ne don yana ƙasan akwatina a makaranta. Nakan kunna shi a hankali ƙarƙashin bargo, ina jin daɗi ina jin nauyi, in na gama in yi istigfari, gobe in koma. Ita kuwa Kaka, da wata maƙwabciya ta ce ko za ta cire waƙar daga tatsuniya, cewa ta yi, "Kiran shanu na, ba kiɗi na ba." Ta dai rage murya. Ta rasu ina shekarar ƙarshe a makaranta, ban sake zama a wannan tabarma ba.

Yau ina aiki a Kaduna, kuma ciwon son kiɗa bai bar ni ba. Ina bin ƙungiyoyin jita na Turawa, irin kiɗan rok ɗin da ba a cika sawa a rediyo ba, da na Buzayen da suka yi suna. Ka ba ni dama in gaya maka wace ƙungiya ce ta lalace tun da ta sami kuɗi, wane albam ne aka cika masa gyara har ya rasa rai, su wa ke da daɗi a faifai amma a kan dandamali ba su da numfashi. Na sha raba dare a intanet ina musu da mutanen da ban taɓa gani ba a kan irin wannan.

Kwanakin baya aka ɗauke wuta, 'yata Ummi ta ce in yi mata tatsuniya. Na ɗauko ta makiyayi. Komai ya zo, gulbi, hadari, kurciya, har kalmomin waƙar. Da na buɗe baki in rera, babu. Na gwada sai ta fito da muryar wata waƙar Turawa. Na sake, ta fito da wata.

"Abba, haka kurciyar ta yi?"

Na ce a'a, ba haka ta yi ba. Kunyar da na ji a gaban yarinyar nan ta fi wadda na ji ina yaro, don wannan karon na san abin da na yar. Waƙoƙin mutanen da ba su san ina duniya ba suna kaina cike, layi biyu na matar da ta goya ni sun ɓace.

Na kira Kawu. Ya tsufa, shi ke kiran salla a masallacin unguwa. Ya ce, "Na bar wanga abu don Allah, ɗana. Kada ka maishe ni." Ban matsa ba.

Sai na tono kaset ɗin, na aro rediyo wurin wani mai gyara, muka zauna da Ummi. Waƙoƙin da nake so duk sun mutu. Na ci zarensu da saurare, ta biyun da nake yabo tana ja tana rawa kamar mai magana a cikin ruwa. Da muka kai inda na saba dannawa, hannuna ya tafi da kansa, na janye shi. Wannan yanki na zaren bai taɓa aiki ba, sai ya fito tas. Jitar Kawu ta ɗauki waƙar a hankali, ba gaggawa, kuma in faɗi gaskiya a matsayina na alƙali, duk kaset ɗin babu kamarta. Can sai ga tari, ga ƙarar kara yana karyewa, ga muryar Kaka Tumba tana kiran Fara da Baƙa.

Da ta kai wurin amshi, mai amshin ƙungiyar ya fara ɗauka, ta katse shi.

"A'a, bar shi. Wanga wuri na angona na. In ya zo hutu ya cika abinai."

Jitar ta ci gaba da zagayawa ita kaɗai, an bar fili. Kaka ta sake rerawa, aka sake barin fili.

Ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada ka jefi tsuntsu. Da na girma na ce ai gargaɗi ne ga mai zuwa birni. A wannan zama na ga ashe ita ba ta taɓa hana makiyayin waƙoƙin birni ba, ko sau ɗaya ba ta ce marasa daɗi ne ba. Abin da take so kawai, idan an kira, a amsa.

Ummi ta taɓa gwiwata ta ce, "Abba, jiranka take yi." Na mayar da zaren baya da biro, na kunna, na kumbura wuya. Muryar ba ta fito kamar ta bijimi ba, amma na amsa.