Ruwan Alwala da Furen Jikata

Mun tashi da asuba daga Withington, ni da ɗana, ana yayyafin nan na Manchester da ba ya jiƙa mutum sai a hankali. Jirgin ƙasa muka shiga zuwa Birmingham. Na hau jirgi a Sudan da Masar da Indiya, ban taɓa ganin wanda mutane ke zaune shiru kamar gidan makoki ba sai wannan. Shayin cikinsa kuwa, tsada kamar magani, ɗanɗano kamar ruwan wanki.

Jikata ce muka je gani a unguwar Ladywood, tana karatun ilimin tsirrai. Tun daga ƙofa ta fara tsokana: "Angona, wannan rigar sanyin ai ta fi ka nauyi!"

A bakin tagar falonta akwai faranti cike da farin rairayi da toka, da 'yan tsirrai ƙanana a ƙarƙashin fitila. Ta ce wani fure ne na jejin rairayi a Florida, ya kusa ƙarewa a duniya, kuma ba ya tsirowa sai wuta ta ci jejin. Ana gyaran ɗakin rainonsu a uni, wato jami'arsu, shi ne malaminta ya ba ta amanarsu. Na yi dariya, na ce a garinmu masu farautar gafiya sun daɗe da wannan digirin. Sauran bayanin ban saurara ba, hankalina yana kan tuwon da take kwashewa.

Ɗana ya koma, ni na zauna kwana biyu. Tun ina yaro ba na zubar da ruwan alwala a banɗaki. A roba nake yi, in kai gindin bishiya. Ita kuwa a hawa na tara na bene take, ina bishiya? Kullum ta tafi uni, sai in dubi rairayin nan a bushe, tausayi ya kama ni, in juye musu. Har ganyen shayi na ƙara musu don taki.

Ranar da zan tafi ta tsoma yatsa a rairayin, ta ciro tsiro ɗaya. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe.

"Kaka, wa ya ba su ruwa?"

"Ni ne. Na ga ƙishirwa na damunsu."

"Ai na faɗa maka ruwa ne ke kashe su." Sannan ta ce, "Ba komai, Alhaji. Zan yi wa malamina bayani."

Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. 'Yan kaɗan ne suka tsira, kuma aikin shekararta a kansu yake. Ita ta ɗauki jakata har tasha.

Na iso Manchester da magariba, ban iya cin abinci ba. Na zaga ƙasashe, ina jin harsuna, amma yarinya ta yi mini magana da Hausa ban ji ba. Yanzu kafin in taimaki abu, sai na tambayi mai shi.