Sunana Ne a Rajista

Shekarata huɗu ina aiki a wani kamfanin gyaran riɗi a Maigatari kafin abin ya faru. Aikina zuba riɗi a bakin inji, shi kuma ya tankaɗe, ya ware tsakuwa da ƙaiƙayi. Mu leburori muna da wata al'ada. In uzuri ya taso maka, suna ko rasuwa ko girbi, ba ka neman hutu, don wanda ya tafi hutu yakan dawo ya tarar da wani a gurbinsa. Sai dai ka turo ɗan'uwanka ya riƙe maka. Da safe in an kira sunanka, shi zai amsa. Manaja ya san da haka sarai, yana kau da kai ne kawai.

A kakar nan gerona ya nuna a gonarmu ta Sule Tankarkar, tsuntsaye sun sa shi gaba. Yayana ɗan acaba ne tsakanin Gumel da Maigatari, a makon kuwa babur ɗinsa na wurin bakanike. Na ce, "Yaya, ka riƙe mini kwana uku kacal."

Ya tuntsire da dariya. "Kai ma da ake kama maka buhu ka iya, balle ni?"

Na nuna masa inda ake zubawa da inda ake kashewa. Abu ɗaya na manta, saboda ni ya riga ya zame mini jiki: bel ɗin injin ba shi da murfi, shi ya sa dukanmu da singileti muke aiki. Yaya mutum ne mai son tsaf-tsaf. Da riga mai dogon hannu ya je.

Rana ta biyu ina tsakiyar gona aka bugo mini waya, wai bel ya kama rigar Yaya ya ja hannunsa. Kafin in isa asibiti a Gumel an riga an yanke hannun daga gwiwa. Na dama ne, wanda yake murza totur da shi. Da ya farfaɗo ya gan ni, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ka gama yankan geron?" Na fita waje na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Wani tsohon ma'aikaci a unguwarmu ne ya gaya mana doka ta ba wanda ya rasa gaɓa a bakin aiki haƙƙin diyya, ba alfarma ba ce. Muka shirya ni da Yaya muka tafi ofishin manaja. Ya ba mu kujera, ya yi jaje har da ƙwalla, sannan ya buɗe rajista ya juyo mana da ita.

"Sunan wa ka gani ran nan?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

Ya dubi hannuwana. "To ga ka lafiya lau. Wannan bawan Allah ban taɓa ɗaukarsa aiki ba."

Har yau in na tuna wannan "bawan Allah" sai zuciyata ta tafasa. Mutumin da ya gaisa da Yaya hannu da hannu a safiyar!

Wani lauya a Gumel ya ce magana ba ta mutu ba, muddin ni da abokan aiki za mu ba da shaida. Amma bai ɓoye mana ba, ranar da na buɗe baki aikina ya ƙare. Abokan aiki kuwa kowa ya taɓa turo nasa ɗan'uwan, duk suka yi gum. Na ce ni na yarda, a kore ni. Yaya ya hana.

"In an kore ka, wa zai ci da gida biyu? Koma bakin aikinka."

Na koma. Har gobe ni nake zuba riɗi a injin nan. Bayan wata guda aka sa wa bel ɗin murfi, wani guntun kwanon rufi da ƙusa huɗu.

Tun muna yara a kwano ɗaya muke ci, ni da shi da ƙannenmu. Tun da ya dawo daga asibiti bai sake zama da mu ba, yana jin nauyin sa hannun hagu a kwanon mutane. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mu ma duk da hagu za mu ci. Ya ce kada in mai da shi abin tausayi.

Yanzu in an kawo tuwo nakan leƙa ɗakinsa in ce, "Yaya, bismilla."

"Ku ci, na ƙoshi."

Sai mun wanke hannu mun watse matarsa take shiga masa da nasa kwanon, ta sako labule.