Man Keken Kaka da Allon Yaya

Bakina ne ya jawo mini. Ranar da aka sa lokacin saukar Alƙur'anin yayata a Islamiyyarmu ta Durun, na tsaya a tsakar gida na ce allon zayyanarta ni zan yanka shi da hannuna, irin wanda ba a taɓa gani ba daga Kabo har Makka.

"Kai ɗin?" in ji Yaya. "Kai da ko fensir ba ka iya feƙewa?"

Kafin magariba duk ƙawayenta sun ji labari. Ko rijiya na nufa sai an tambaye ni ina allon Makka.

Abin da nake taƙama da shi injin Kawu ne. Kawu kafinta ne a Gwarzo, shagonsa a jikin gidan da yake zaune da mahaifiyarsa, wato Kakata. Yana da wani ɗan injin yankan ado, zartonsa siriri kamar tsinken tsintsiya, a murɗe kamar igiya, da haƙora ta kowane gefe. Yana cin katako gaba da baya da gefe, ba sai ka juya katakon ba. Ana maƙala shi sama da ƙasa a bakin wasu 'yan ƙarafa, a ɗaure da noti. A hutun baya Kawu ya koya mini, har na yanka kifi, ko da yake Kaka ta ce takalmi ne.

Na isa Gwarzo, Kawu ya ba ni katako mai kyau, na zana taurari a kan allon, shi kuma ya tafi Lakwaya kafa ƙofofi. Na yi bisimilla na kunna inji. Ko tauraro ɗaya ban gama ba na ji fyat! Zarto ya suɓuce daga sama yana dukan katako. Ƙarar ta sa akuyar maƙwabta ta tsallake katangar da ko ɓarawo ba zai gwada ba. Na mayar, na ɗaure notin har babban yatsana ya koma kamar dankali. Fyat!

Da Kawu ya dawo ya duba, sai ya ce, "Ba ƙarfi ake nema ba, ɗana. Bakin zarton a murɗe yake, ta ina ƙarfe zai kama shi?" Ya sa filaya ya warware murɗin a ƙarshen nan biyu, ya ɗan dandaƙa su da guduma suka kwanta, ya goge komai da tsumma. Ranar na yi yanka har la'asar, zarto ko gezau. Na kwana ina shirya jawabin da zan yi a Durun.

Da safe, fyat!

Haka aka yi ta yi. In na goge na sha wahala da rana, da yamma inji ya yi ladabi, gari na wayewa ya koma rashin kunya. Na fara zargin aljanu. Ga malamin da zai yi zayyanar ya aiko cewa in allo bai iso shi da wuri ba, zai rubuta a kan na kasuwa. Yaya kuma kullum sai ta kira wayar Kawu: "A gaishe da mai allon Makka. Ko jirgin ne bai sauka ba?"

Wata safiya da muka dawo daga masallaci na wuce shago kai tsaye, in kama aljanin da hannuna. Na kuwa kama shi. Yana sanye da zane da ɗankwali, riƙe da 'yar kwalbar man keken ɗinki, yana ɗiga mai a bakin ƙarafan nan ɗis, ɗis.

"Kaka! Me kike yi?"

"Ina kwanan ma ba ka iya ba, mijin banza? Mai nake ba shi. Tun da ka zo nake jin sa yana kuka kamar yaron da aka yaye. Ƙarfe ba ya son ƙishirwa. Kekena ya girmi uwarka, ka taɓa jin ya yi tari?"

"Ashe ke ce kike kashe mini aure da Durun gaba ɗaya! Wallahi na sake ki."

"Ka sake ni in huta. Wa ke son miji mai yanka takalmi?"

Kawu ya shigo ya tarar da mu. Dariya ta ci shi har ya dafa bango, amma ya haɗiye ta, ya durƙusa ya gaida ta, sannan ya ce a hankali, "Inna, duk injin nan yana son mai, ban da nan wurin. Nan riƙo ake so, ba santsi ba."

"Ƙarfen da ba ya son mai," in ji Kaka, "ai ɗan zamani ne, ba tarbiyya."

Muka kwance notin, muka wanke da fetur, muka goga bakin ƙarafan da samfefa har suka yi kaushi. Zarton ma muka goge ƙarshensa sama da ƙasa. Kawu ya nuna wa Kaka gaɓoɓin baya inda mai ke da amfani, ya ce nan nata ne. Ta ɗiga, ta ja kujera ta zauna gadi.

Ranar zarto bai motsa ba. Washegari ma haka. Taurari suka fito ɗaya bayan ɗaya, haske yana ratsa su. Guda ɗaya ne ke da tabo, inda zarton ya fara dukansa, na ce wannan tauraron Kaka ne.

Ranar sauka Yaya ta fito da allon a ƙirjinta, zayyana ja da kore tana sheƙi, mata suna ta miƙo wuya. Kaka kuwa tana bin su ɗaya ɗaya tana cewa ba don man kekenta ba da injin ya mutu tun ranar farko.

Da aka watse Yaya ta kira ni gefe. Na gyara tsayuwa ina jiran godiya. Ta shinshina allon ta ce yana ƙamshin keken ɗinki, sannan ta ciro fensir daga jakarta ta miƙo mini.

"Ungo, Malam kafinta. Feƙe mini."