Gangar Illa

Ɗazu ina zaune ni kaɗai a ƙofar gida, wani saurayi ya wuce yana kiɗa da bakinsa, babu ganga. Wai salon 'yan hip hop ne.

Sai na tuna wana Illa, makaɗi. Shekarar babban fari, zamanin soja, ya zo wani suna a garin Barmu hannu wofi, ya yi kiɗan da busassun leɓɓansa.

Na ce, "Yaya, ina gangarka?"

Ya ce, "Mun dahwa hwatar, yara sun ci. Kiɗin ne dai bai dahuwa."

Bai ga damina ba, Allah ya jiƙansa.

Na gwada kiɗan nasa ɗazu, numfashi ya ƙi. Ko akwai ɗan Barmu a nan da ke tuna kiɗan nan? Kada ya bi ni kabari.