Ranar da Baba Lazhar Ya Juya Jirgi Kudu

Da an idar da sallar asuba za ka ga Baba Lazhar a bakin ruwa, gurasa da ɗan man zaitun a ƙunshe, yana kwance igiyar kwalekwalensa. Tsibirin tsuntsaye yake zuwa, ya duba sheƙuna ɗaya bayan ɗaya, ya dawo kafin rana ta take. Ba wanda ya sa shi. Bana gwiwa ta ce ya isa haka, ya daina zuwa, mu kuwa mutanen Burj Safsaf ko sannu ta kirki ba mu taɓa yi masa ba.

Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa jirgin ruwan masana'antar maganin ƙwari da ke gabas da gari. Kafin nan sana'ar ubansa yake yi, tsintar ƙwan nauras, fararen tsuntsayen nan masu bin masunta da ihu. Saboda haka yatsansa ya san ƙwai. Shi ya fara lura ɓawon ƙwan ya yi laushi a kudancin tsibirin, inda dattin bututun masana'anta ke taruwa ya shiga jikin kifin da tsuntsayen ke ci. Uwa za ta kwanta kan ƙwanta, nauyinta kawai ya fasa shi.

Saura wata bakwai ya ajiye aiki, gwamnati ta turo mai bincike, Dakta Sihem, ta duba tsibirin. Ofishin gunduma ya sa ni in raka ta. A tashar jirgin ruwa na ji manajan masana'antar, Si Taufik, ya ja tsohon gefe.

"Arewa za ka kai ta, Lazhar. Sheƙunan can lafiya lau suke."

"In ta ce kudu fa?"

"Ka ce ruwa ya janye, jirgi zai kafe. Wata bakwai ne fa, tsoho. Kar ka yi wasa da fanshonka."

Manajan ya shigo jirgin, ya zauna daf da shi. Muka kama hanya. Da muka iso sandar da aka kafa cikin ruwa inda hanya ta rabu biyu, Baba Lazhar ya rage gudu, ya daɗe yana kallon ruwa. Sai na ga bakin jirgi ya karkata kudu.

"Ina kuma za ka?" in ji Si Taufik, murya ƙasa-ƙasa.

"Hannun ne ya tsufa, ranka ya daɗe. Ba ya jin magana."

Wari ne ya fara tarbar mu. Sheƙa bayan sheƙa, kwaiduwa ta bushe a kan ciyawa, iyaye na shawagi a kanmu. Baba Lazhar ya ɗauko ƙwai guda a hankali, ya ce wa Dakta Sihem, "Buɗe hannu, 'yata. Kar ki matsa." Ba ta matsa ba. Yatsa kawai ta ɗora, ɓawon ya lotsa.

Kafin Juma'a an sallame shi, wai ya ƙi bin umarni, fansho ya bi ruwa. Matarsa Mbarka ta yi wata guda ba ta ce masa ci kanka ba, ban da ranar da ta tambaye shi ko tsuntsayen ne za su riƙa kawo cefane. Sai bayan shekara uku, a kan rahoton Dakta Sihem, aka tilasta wa masana'antar tace ruwanta. Yanzu ana ganin 'yan tsaki a kudu, ba da yawa ba. Shi kuwa har yau gyaran koma yake yi wa masunta don ya ci abinci.

Na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya ce, "Kowane ƙarshen wata. Amma da na kai ta arewa, da kullum ne."

Baba Lazhar, kai ne ka san abin da za ka rasa, ka gan shi ƙiri-ƙiri, ka kuma juya jirgin. Mun gode, Allah ya saka maka. Ranar nan na ji duk abin da manaja ya faɗa, amma ban ce uffan ba, don ƙanena a masana'antar yake aiki. Jama'a, in irin wannan rana ta riske ku, ku yi irin nasa, kada ku yi irin nawa.