Takardar Rabi

Ranar wata Talata ce cikin watan Maris, shekarar da zan zauna jarrabawar bak, ta gama sakandare. Rana ta take, zafi kamar zai tsaga kai. Muna tsaye ƙarƙashin bedin, wato darbejiyar, da ke bakin ajinmu a lise, babbar sakandare, ni da Mushe Isufu, malaminmu na Ingilishi (Mushe muke ce wa malamai maza). Ya shimfiɗa dosiyena, tarin takarduna na neman jami'a, a kan sirdin babur ɗinsa, ya danne gefe da makulli kada iska ta kwashe, yana bin takardun da yatsa yana gyaɗa kai. Hotuna huɗu, sakamakon shekara uku, wasiƙar da ya rubuta yana yabona, da rubutun da na kwashe wata biyar ina gyarawa. Duka za mu aika wa wata babbar jami'a ce a ƙasar waje, irin wadda masu nema ke tururuwa ta ɗauki 'yan ƙalilan, don in karanci adabin Ingilishi da burs ɗinsu, wato tallafin karatu. Da ya zo kan takardar haihuwa sai yatsan ya tsaya cak. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa. Sannan ya ce, "Rabi, shekarunki nawa?" Amsa biyu gare ni, kuma sunan da ya kira ni da shi ma ba nawa ba ne.

Sunana na yanka Hadiza, a gida ana ce mini Dije. Rabi yayata ce, 'yar farin Inna. Ita an haife ta cikin garin Dakoro, lokacin da Inna ta zo goyon ciki gidan iyayenta kusa da asibiti, don haka aka ba ta takarda mai hatimi. Ni kuwa a bukkar gona aka haife ni, can wajen hanyar Kornaka, kwana biyu da saukar ruwan shuka. Wa zai bar shuka ya tafi neman takarda? Ina rarrafe ƙyanda ta ɗauke Rabi. Ban san fuskarta ba, babu hotonta, kuma ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, don a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari ko yana raye, balle ya rasu. In magana ta kama dole, sai ta ce "waccan yarinya," ta sauya zance.

Ina shekara shida aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, aka ce kowa ya zo da takardar haihuwa. Baba ya jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, ya ɗaga rigar salla, ya zaro takardar Rabi a naɗe cikin leda. "Takarda ai ba ta mutu ba," ya ce, ya kama hannuna muka tafi. Ba shi kaɗai ya yi haka ba. A unguwarmu na san mai takardar wansa, na san mai ta ɗan kawunsa. Direktan lakwal ɗin ya dube ni sama da ƙasa ya ce wannan 'yar firit ɗin ce shekara takwas? Baba ya ce, "Ba ta son cin tuwo ne, Mushe." Aka rubuta ni. Washegari malami ya kira suna, ya ce Rabi Sale har sau uku, ina zaune da allona ina kallon ƙadangare a bango. Bulala biyu na sha kafin in gane da ni ake. Tun daga ranar ban sake mantawa ba.

Haka na tashi da suna biyu. Da safe in ɗauki allo da alli in zama Rabi, mu yi layi a ɗaga tuta, mu share fili da tsintsiyar kaba, mu rera Faransancin da ba mu san ma'anarsa ba. Da an tashi in koma Dije. Dije ce ke zuwa rijiya, kuma wanda ya san rijiyoyin ƙasarmu ya san sai hannu ya yi kanta kafin guga ya fito. Dije ce ke surfe, ita ke kora awaki bayan gari ta dawo ƙafa duk ƙarangiya, ita ke tsintar magarya da aduwa a cika bakin zane. Da damina mu koma gona, in bi bayan Baba ina zuba iri ina rufewa da diddige. Da yamma mu yi carafke a ƙofar gida har a kira mu da tsawa. Matsalar ɗaya ce: in ƙawayen lakwal suka zo suka tsaya bakin zaure suka ce, "Rabi tana nan?" Inna na daka, sai in ji taɓaryar ta tsaya a sama, bugu ɗaya ya ɓace. Sannan ta ci gaba, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Dije, ana kiranki." Ina yarinya abin bai dame ni ba. Sai da na girma na fara gudu in tare su a waje kafin su buɗe baki.

Ingilishi kuwa ta hanyar ƙuli-ƙuli ya same ni. Inna na soya ƙuli da awara tana sayarwa a ƙofar gida, kuma takardar ƙunshi daga shagon wani Alhaji take sayenta, wanda ke kawo tsofaffin takardu buhu-buhu daga Najeriya ta Maraɗi. Aikina ne in yayyage su daidai girman ƙunshi. Da na shiga kolej, ƙaramar sakandare, aka fara koya mana Ingilishi, sai wata rana ina yaga na ga na gane layi guda. Na karanta na biyu. Ashe labari ne, wata mata tsaye bakin taga ana ruwa, tana jiran wasiƙa. Na juya bayan takardar, labarin ya yanke a tsakiyar magana. Na zazzage buhun nan kaf ban sami ci gabansa ba, wataƙila wani ya riga ya ci awara da shi a Bader Gula. Har yau ban san ko wasiƙar ta zo ba.

Daga nan na zama ɓarauniyar takarda. Duk wadda na ga labari ce sai in ɓoye, in maye wa Inna da tsofaffin kayena, littattafan da na yi lissafi a ciki. Inna ta ce, "Ke da gara ban san wa ya hi wani son takarda ba." Na tara su cikin tsohuwar kwalla, babu mai farko, babu mai ƙarshe, ni ke ƙirƙiro musu ƙarshen. A wajen kiwo nake zama in ba awaki labarin da Ingilishina mai karyayyar ƙafa, su kuwa ba su taɓa gyara mini ba. Abin da ya fi ja na shi ne mutanen cikin takardun nan kowa da sunansa, kuma in ransu ya ɓaci sai su ɗauki jaka su hau jirgi. Ni iyakata tasha, in raka mutane in dawo.

A lise Mushe Isufu ya kama ni ina karanta takarda mai maiƙo a ƙarƙashin tebur. Na zaci duka zan sha, sai ya karɓa ya karanta, ya tambaye ni ina sauran. Na ce ai haka suke zuwa. Ya yi dariya har da hawaye, washegari ya kawo mini ƙamus da littafi guda cikakke, na farko da na taɓa bi daga bango zuwa bango. Shi ya gaya mini labarin jami'ar nan, ya ce ba a shigarta da sa'a, sai an shirya. Shekara biyu muna shiri. Kowace Asabar da hantsi in je rumfar gidansa, matarsa ta ba ni fura, shi ya ɗaure fuska ya zama baƙon Bature yana yi mini tambayoyi: me na karanta, me ya sa marubuci ya kashe wance ya bar wane, me zan ce in an ce ban yi daidai ba. In na sunkuyar da kai ya buga tebur ya ce can ba a amsa tambaya ana kallon ƙasa. Sau biyu muka je Maraɗi wajen masu kwamfuta don ciro ƙa'idojinsu. Rubutun da suka ce kowa ya yi a kan kansa, a kan takardun ƙuli na yi shi. Na gyara shi ya fi sau goma, amma layin farko, inda ake faɗin suna, kullum da sauri nake wuce shi.

Cikin ƙa'idojin akwai guda da ba mu taɓa damuwa da ita ba: kada mai nema ya cika shekara ashirin da ɗaya kafin ranar rufe karɓar dosiye. Mushe ya san da ita, amma ni ce mafi ƙanƙanta a aji, bai taɓa kawowa a ransa ba. A ƙarƙashin bedin nan ya nuna mini da yatsa. Rabi ta cika ashirin da ɗaya tun watan Janairu. Ni ko sha tara ban cika ba. Wata biyu kacal yarinyar da ban taɓa gani ba ta wuce da su. Na gaya masa komai, ina kuka ina jin kunya kamar ni na yi satar. Ya zauna a kan saiwar bishiyar, sannan ya ce, "Saura kwana goma sha ɗaya. Sai a tahi a gwada gyarawa."

Na yi fushi da Baba ƙwarai, kuma na gaya masa, abin da ban taɓa yi ba. Yana gyaran ƙotar hauya ya ajiye, ya ce, "Ɗiyata, da ban yi hakanan ba, da yanzu ko sunan naki ba ki iya rubutawa." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. A ofishin takardu aka ce sai iyaye biyu sun zo sun shaida cewa ta farkon ta rasu. Na ɗauka Inna za ta ƙi. Da gari ya waye sai na gan ta ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ta kashe wutar suya, ta ce mu tafi.

Ma'aikacin dattijo ne mai haƙuri. Ya jawo takarda ya ce, "Mi sunan yarinyar da ta rasu?" Baba ya buɗe baki, ma'aikacin ya ɗaga masa hannu ya ce uwar yake son ji. Inna ta dubi ƙasa, ta murɗa bakin mayafinta. Na so in ce a bari, na fasa jami'ar, amma ban ce ba, don ina so. Sannan ta ce, "Rabi." Muryar kamar ba tata ba. "Rabi'atu. Ranar Alhamis da hantsi, bisa hanyar asibiti. A bayana ta cika." Ban taɓa sanin haka ba sai ranar.

Dattijon ya rubuta, ya ajiye biro, ya yi mana bayani a hankali. Yi wa Hadiza takardarta ba wuya. Amma shaidar gama firamare ta Rabi ce, ta kolej ta Rabi ce, sunan da ke cikin masu zana bak ma Rabi ne. Sauya su duka sai an bi ta Yamai, babban birnin ƙasa, shekara ba ta isa, kuma ana iya kiran Baba ya amsa tambaya. Ya dube ni da tausayi ya ce, "In kinka zama Hadiza yau, ko aji ɗaya ba ki taɓa shiga ba. In kinka zauna Rabi, kin wuce shekaru. Sai ki zaɓa." Na dubi Baba, ya tsufa a kan bencin ofishin cikin minti biyar. Na ce a bar ni Rabi.

A hanyar gida muka wuce kasuwar dabbobi. Can Inna ta ce, ba ta dube ni ba, "Ashe a banza na hwaɗa." Na ce ba a banza ba ne, Inna. Ta koma ta hura wutarta. Har ta bar duniya ban sake jin sunan a bakinta ba.

Na ci bak a shekarar, na yi karatu a jami'ar ƙasarmu, yau ina koyar da Ingilishi a wata kolej, yara na ce mini Madam Rabi ina amsawa. Dosiyen nan yana cikin akwatin Baba, inda takardar Rabi take a da, hotunan sun fara ja. Yanzu abubuwa sun sauya. Mata na karɓar takarda kafin su bar asibiti, ɗalibaina na karanta littafi cikakke a waya, ƙuli ma a leda ake ƙulla shi. Wani lokaci ina kewar kwallar nan tawa da labaranta marasa ƙarshe, lokacin da nake ganin kowane ƙarshe a hannuna yake.

Da na haifi 'yata ta biyu na roƙi mahaifinta a sa mata Hadiza. Dangi suka yi ta tsiya, wai ina aka taɓa ganin uwa ta yi wa kanta takwara. Na bar su suna dariya, na je da ƙafata na karɓo takardarta. Bara na kai ta lakwal, na laɓe bakin taga ina jin malama na kiran suna. Da ta zo kan Hadiza, sai da na toshe bakina da mayafi kada in amsa. Shekara talatin ina jiran a kira sunan nan a aji.